Lambar da Ke Bin Ashirin da Shida

Malamin da ya koya mini lissafi a kwaleji a Azare mutum ne mai ciwo ɗaya. Ko gaisuwa ka tsaya yi, sai ya jawo ka gaban allo. Ya ce ka ninka (1−x) da (1−x²) da (1−x³), ka yi ta tafiya ba iyaka. Kusan komai sai ya cinye juna, ba abin da zai tsira sai x mai ɗauke da ɗaya, biyu, biyar, bakwai, sha biyu, sha biyar, haka nan. In ka ninka abin da kansa sau uku ko sau takwas, wani tsarin ya sake fitowa, kuma uku da takwas ɗin girman wasu aljebrar Li ne, wato lissafin yadda abubuwa ke juyawa ba tare da sun sauya kama ba. Me ya haɗa su? Wannan tambayar ta cinye masa ƙuruciya. Mu ɗalibai dariya muke masa, har da ni, kafin ciwon ya kama ni.

Da ya tsufa sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Na hau keke napep na je dubiya asibiti, na tarar da ɗaki cike da dangi, kowa ya yi tagumi. Ƙaninsa, wani Alhaji mai shago a kasuwa, ya ce mini hankali ya riga ya tafi, sambatu kawai yake, lambobi ba kai ba gindi.

Na matsa kusa. Bakinsa a karkace, amma na ji: bakwai, sha biyu, sha biyar. Ya tsaya yana kallon fuskoki.

Na ce, "Ashirin da biyu, Malam."

Wallahi sai da ya damƙe mini hannu. Ya ce ashirin da shida, ya zuba mini ido yana jira. Ban kai ga buɗe baki ba Alhajin ya sha gabana. Wai a irin wannan hali kalmar shahada ake tuna wa mutum, ba a biye wa sambatunsa. Na ce lafiyar hankalinsa lau, so yake ya tabbatar ana gane shi. Ina! Wa zai saurari wata malamar makaranta da ba dangi ba? Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, aka raka ni har bakin ƙofa.

A zaman makoki ina ji ana cewa Allah ya hutar da shi, tun da ya faɗi bai san inda kansa yake ba. Da na tashi tafiya, matarsa ta biyo ni soro ta riƙe mini gefen hijabi.

"'Yata, mene ne ke bin ashirin da shida? Har ya cika a nan yake tsayawa yana dubanmu."

Na ce, "Talatin da biyar, Hajiya."

Ta maimaita a hankali sau biyu, ta koma ciki.