Hatimi na Uku a Karnen Ɗana

Ana idar da sallar asuba muka bar Mora, ni da maigida, da wani tsohon karne, wato katin rigakafi, da na ƙulle a bakin zane. Kwana ɗaya kafin nan ne ɗanmu ya bugo waya daga Garuwa, inda yake fawa tare da kawunsa: an gano ciwon hanta, hepatitis B, a jinin kawun. Shekara biyu ke nan suna aski da reza ɗaya, wuƙar da ta yanki wannan ita ke yankar wancan. Likita ya ce a kawo takardar allurar jarirantakarsa.

Hanyar Marwa kun san ta, rami na miƙa ka ga rami, jandarmomi na duba katinmu kamar yau suka fara ganin mutum. Maigida, wanda kan cika mota da surutu, ya kafe idonsa a taga. Na san abin da ke cinsa. Lokacin da yaron ya yi zazzaɓi bayan allura ta biyu, shi ya rantse ba za a ƙara kai shi ba. Shekara goma sha tara yana ganin biyu aka yi. A Figil na saya masa ƙosai da shayi, ƙosan ya huce a hannunsa.

Da azahar muka shiga Garuwa, zafi kamar an buɗe murhu. Masu babur suka kai mu asibiti, suna kurɗawa tsakanin manyan motocin auduga, ina riƙe da bakin zanena. Ɗanmu na zaune a benci, ƙato da gemu, amma idonsa na yaro mai tsoro.

Likitan ya buɗe karnen, ya ƙirga hatimai da yatsa. "Ɗaya, biyu, uku. Ta cika."

Maigida ya juyo ya dube ni.

"Malam, ranar da na ce maka zan je barkar haihuwa, asibiti na kai shi," na ce.

Sakamakon jini ya fito da la'asar: babu cutar a jikinsa. Sai dai ƙwayoyin kariyar sun ragu sosai, har na fara salati. Likitan ya ce in kwantar da hankalina, haka suke raguwa da shekaru, amma ga yawancin waɗanda aka cika wa allura jiki ba ya mantawa, da cutar ta taɓo shi yake tashi. Aka ƙara masa allura guda, aka ce ya dawo bayan wata ɗaya a sake aunawa. Kawun kuma aka ɗora shi kan kulawa. Kafin mu tafi na shiga kasuwa na saya wa kowannensu rezarsa.

Washegari muka kamo hanya. Har muka wuce Marwa ina jiran faɗan ƙaryar da na yi, ban ji ba. Abin da na koya shi ne, kada uwa ta yar da karne, ko ya yi baƙi ya yage. Muna sauka a Mora, ko takalmi bai cire ba, maigida ya leƙa ɗakin surukarmu mai jego, matar babban ɗanmu.

"Allura nawa aka yi wa jaririyar nan?" ya ce. "Gobe da kaina zan kai ku."