Marfin Tagar Baba Ajiye

A layinmu babu mai kiransa kafinta, sai dai Baba Ajiye, kuma ni na laƙa masa sunan. Mutumin nan ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa. Shekara arba'in yana zaune a tsohon benen da ke jingine da ɗakina, wanda hukuma ta manna wa allo cewa na tarihi ne, ba a rushewa, ba a sauya masa kama. Duk abin da ya ɓalle daga jikin gidan sai ya ɗaure shi da igiya, ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta inda ya fito, ya tura ƙarƙashin matakala. Marigayiya matarsa ta yi mita har ta gaji.

"Baba," nakan ce masa, "kai ma ran da ka ɓalle haka za mu ɗaure ka mu rubuta?"

"Ki dai rubuta daidai, 'yar nan."

Bara bangon da ke tsakaninmu ya tsage, har ina jin tarinsa daga kan gadona. Aka ce in ba a gyara kafin damina ba za a fitar da shi a rufe gidan, ɗakina ma a sa masa kwaɗo. Akwai tallafin gyaran tsofaffin gine-gine, amma da sharaɗi: komai ya koma yadda yake tun asali.

Wata injiniya ta zo dubawa. Ta wuni tana kwance ƙulle-ƙullen Baba, bakinta har kunne. Can ta tsaya.

"Marafan tagogin sama fa? Babu ko ɗaya cikakke. In ba samfur, ba zan iya sa hannu ba."

Baba ya ce akwai ɗaya, ya jingine shi a bayan gida shekara shida da suka wuce, ya neme shi ya rasa.

Ni ce na ɗauke shi tun a lokacin. Ni na san inda yake: a kan akurkina, yana tare wa kaji ruwa.

Na ɗauko shi a ka, da kashin kajin da komai. Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Ashe ɓarauniyar ma ta iya ajiya."

"Da a wurinka yake da tuni gara ta cinye. Ka gode wa kajina."

Injiniya ta kankare gefe da farce, sai ga koren fenti na asali. Nan take ta sa hannu.

An ɗinke bango. Marafan nan takwas da hannunsa ya sassaƙa su, yana duban nawa, wato nasa. Da ba don tarkacensa ba, da yanzu ina raɓe a gidan ƙanwata, Allah ya saka masa da alheri.

Ya kuma yi wa kajina sabon rufi. A jiki ya rubuta da fensir: "Na maƙwabciya. Wannan ba na sata ba ne."