Yatsu Uku Tsakanin Inji da Ƙasa

Shekara goma sha ɗaya na yi a garejin Baba a Faskari, kuma kowa ya san idan ya ajiye sufana ni zai miƙa wa makullin wurin. Ni ma haka na sani, har na fara tafiya irin ta masu gareji.

Sai wani Alhaji mai sayen masara daga Mairuwa ya jawo mana wata 'yar mota ja mai rufin tamfol, irin wanda ake naɗewa baya. Tayoyin gaba ne ke janta, injinta kuma ya mutu. Ya sayo wani ƙato mai silinda shida, wai a dasa mata don ta riƙa kai shi gonarsa ta wajen Sabuwa. Duk garin babu makaniken da ya taɓa irin wannan aiki. Na riga na naɗe hannun riga, sai na ji Baba ya kira abokin aikina, wanda ya zo bayana da shekara huɗu, wanda ni na koya masa kunce fulogi.

Abin ya ci ni ƙwarai. Mako biyu ina facin salansa a gefe, shi kuwa mutane sun kewaye shi a gindin bishiyar bedi suna kallon injin yana lilo a sarƙa. Ya yanke, ya yi walda, ya matsar da lagireto. Kuma aikin ya yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Har mai kunu ta fara ce masa injiniya.

Ranar da injin ya zauna, na faki ido na durƙusa na zura hannu ta ƙasa. Nauyi ya danne gaban motar, tukunyar baƙin mai ta sauko, yatsu uku kacal tsakaninta da ƙasa. Na san hanyar Sabuwa duk duwatsu ce, can kakannina suke. Na miƙe na kaɗe gwiwa.

"Yaya, ka ga wani abu?" in ji abokin nawa.

Na ce, "Lafiya lau. Allah ya sa albarka."

Kwana huɗu bayan nan aka jawo ta da igiya a bayan tarakta. Dutse ya fasa tukunyar, mai ya tsiyaye, injin ya ƙone. Ba zan ɓoye ba, da na hango ta sanyi na ji a ƙirjina. Abokin nawa ya tsaya yana shan faɗan Alhaji, ni kuwa ina ta goge sufana mai tsabta.

Da la'asar Baba ya kira ni bayan shago. Na tafi da sauri, ina tsammanin makulli.

"Na gan ka ran nan," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Yatsu nawa ka samu?"

Na ce, "Uku, Baba."

"Ni idona ya tahi, gwiwa ba ta duƙo. Da na ga ka auna ka ce lahiya lau, sai hankalina ya kwanta. Shi bai sani ba, ya ko tambaye ka. Mi ya hana ka hwaɗi?"



Bayan girbi Baba ya ajiye aiki. Har yau a garejin nake, kuma kullum da safe ina zama a kan benci in jira abokin nawa ya zo ya buɗe.