Bahagon Gidanmu

Ɗan ƙanena bahago ne tun yana goye. Komai aka miƙa masa, hagu ce ke fara fita. Ubansa kuwa, wanda 'yan kasuwar Barbès ta Paris ke kira Alhaji, mutum ne da ko goro ka miƙa masa da hagu zai tsaya yana kallonka har ka gyara. Tun muna Maradi ya sa yaron a gaba. In an zauna cin tuwo sai ya ce ya zauna a kan hannun hagun. Da haka yaro ya koyi ci da dama, rubutu da dama, gaisuwa da dama, muka ce magana ta ƙare.

Bayan sun koma Paris da wasu shekaru, Alhaji ya turo mini shi Lyon, wai yawon metro, jirgin ƙasa na cikin gari, ya fi ƙarfin karatunsa. Ni aikin jinya nake yi, ina zaune a unguwar La Guillotière a saman wani shagon kayan miya, ba ɗa ba jika. Na karɓe shi hannu bibbiyu. Faɗanmu ɗaya ne: shi ya ce Tanti, ni in ce ban san ta ba, Gwaggo nake.

Wata Asabar ya shigo da wata ƙatuwar safar hannu ta fata, faɗinta ya kai faifai. Na ce wannan fa? Ya ce besbol ya shiga, wani abokinsa na makaranta ya ja shi. Wasa ne da ko Faransawan ba su damu da shi ba. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya tare da sanda, in ya buga ya kwasa a guje. Ranar da na je kallo, sai da na kai ƙarshen layin bas kafin in ga filin. 'Yan kallo iyaye ne da karnukansu. Na zauna da shayina ina hamma, don rabin 'yan wasan a tsaitsaye suke kamar masu jiran mota.

Sai aka ba yarona ƙwallo. Na duba, safar tana hannun dama. Ya ɗaga ƙafa, ya juya, ya saki ƙwallon da hagu. Mai sanda ya kai duka ya sami iska. Na ji wani daɗi ya rufe ni, don ban taɓa ganin jikin yaron nan ya saki haka ba.

Mai horar da su ya ce mini bahago mai jifa nemansa ake ruwa a jallo, saboda masu sanda sun saba da jifan dama. Na yi dariya har ya tsargu. Abin da muka yi shekaru muna kora a gidanmu, ashe shi wasu ke nema. Alhaji dai ya san ɗansa na wani wasan sanda, ni kuma ban ga dalilin tayar da zaune tsaye ba.

Bayan ya gama sakandare, wani mai farautar 'yan wasa daga Amurka ya gan shi a wani gwaji a Paris, ya ce ƙungiyarsu na son sa. Mutumin bai yi masa romon baka ba. Ya ce daga matakin ƙasa zai fara, a ƙananan garuruwan da ba wanda ya san sunansu, yau wasa nan gobe can, rabin rayuwa a cikin bas. Ya ce kaɗan ne ke kaiwa sama, kuma duk ranar da hannu ya gaza sai a sallame ka. Yaro ya ce ya ji ya gani. Shekarunsa sun kai ya sa hannu a takardar yarjejeniya da kansa, amma da muka dawo gida ya ce, "Gwaggo, in Baba bai sa albarka ba, ba inda za ni." Da na ji Gwaggo a bakinsa na san maganar ta kai zuci.

Na kira Alhaji. Bayan gaisuwa na kwance masa zance. Ya ce, "Yaya, jifa fa kika ce. Na kawo shi Faransa ya yi lakwal ya sami ilimi, shi ne zai tafi Amurka jifa?" Na ce su yaron suna da wasa a Paris ranar Lahadi, ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo, da kwat a kan doguwar riga, ya zauna kusa da ni a benci. Yaro ya yi jifa na farko, ya yi na biyu.

"Yaya, da hagu yake jifa."

"Na gani, Alhaji."

"Kin sani ke nan?"

"Na daɗe da sani."

Da aka tashi daga wasa muka wuce gidan Alhaji. Aka kawo abinci, yaro ya ci da dama kamar kullum, hagun tana naɗe da ƙanƙara a kan cinyarsa. Da ya fita sai Alhaji ya ce, "Bon. Ni ba zan sa albarka a sana'ar da aka gina a kan hagu ba."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, wa ke kakkaɓo wa yaran unguwarmu mangwaro? Da wane hannu? Wa Babanmu ya ɗaure wa hannu da tsumma, ni ina bi ina kwance maka a ɓoye in ka yi kuka? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron nan ya ci da dama, ya gaishe ka da dama, duk abin da ka ce ya yi. Abin da Allah ya zuba a hagun kuwa ba sata ya yi ba."

Ya ce, "Yaya, ya isa." Ya ɗora hannun dama a kan na hagu ya danne, ban ma jin ya san ya yi. Sai tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba. Na ɗauki jakata na koma Lyon.

Kwanaki suka ja, Ba'amurken na jira. Yaro bai yi fushi ba, bai daina zuwa fili ba, abinci ne dai ya ragu. Can sai Alhaji ya kira shi ya ce ya shirya kayansa. Na fara guɗa, yaro ya tare ni. "Cewa ya yi in tafi, Gwaggo. Bai ce Allah ya yi albarka ba." Ya sa hannu a takardar, amma ya gaya mini in bai ji kalmar nan ba, daga filin jirgi zai juyo. Na san zai aikata, don taurin kan na gado ne.

A filin jirgi uwarsa ta yi kuka, ta yi nasiha, na yi tawa. Alhaji na tsaye yana duba allon jirage kamar shi ne matafiyin. Da aka zo rabuwa sai ya ce, "Kawo hannunka." Yaro ya miƙa dama.

"Ba wannan ba."

Yaro ya dube ni, sannan ya miƙa hagun a hankali. Alhaji ya karɓe ta da tasa hagun. Ya juya ta, ya shafa kantar da ƙwallo ta yi a kan yatsu, ya daɗe yana addu'a ƙasa-ƙasa, ya tofa a tafin. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, kai da ita." Ni da na yi alkawarin ba zan yi kuka ba, gyalena ne ya sha hawaye.

Har yau yaron yana matakin ƙasa. Wani mako ya yi jifa mai kyau, wani mako a buge masa ƙwallo har bayan katanga. Abokan ɗakinsa biyu an riga an sallame su, ba mu san abin da gobe za ta kawo ba. Duk ranar Juma'a yakan kira mu gaba ɗaya a waya, ni a Lyon su a Paris. Alhaji ne ke fara gaisuwa: ina gajiya, ina sanyi, ina baƙunta. Sannan ya ce, "To, ina hannu?" Ba wanda ya taɓa tambayarsa wanne.