Karan da Na Auna Yarinya da Shi

Ko na tsufa tukuf, ranar da na auna 'yar mutane da karan dawa ba za ta fita daga raina ba.

Ina aji uku a jami'a lokacin, aka ɗauke ni aikin hutu a wani bincike kan abincin yara da girmansu. Nawa aikin shi ne auna tsayi. A wani ƙauye bayan Burumburum, sai da na shiga gida na ga na bar tef ɗin awo a mota, motar kuma tana can bakin titi. Da rawar kaina ta 'yar birni, na zaro kara daga danga, na kwantar da yarinya 'yar shekara biyu a tabarma, na gwada daga kai zuwa ƙafa, na karya daidai tsawonta. Nufina in auna karan idan na koma mota.

Salatin kakar yarinyar ne ya sandarar da ni.

"Ke 'yar nan! Kabari za ki kai wa awo?"

Sai a lokacin na tuna gawa ake aunawa da kara, a kai wa masu haƙa. Uwar ta fizge 'yarta tana kuka. Na durƙusa ina ba da haƙuri. Tsohuwar ta karɓe karan daga hannuna.

Bayan kwana huɗu shugabar tawagarmu ta ce yarinyar tana asibiti a Tudun Wada, zazzaɓi har da suma. Na san kara ba ya kisa, amma abinci ya ƙi shiga, waya na ƙara gabana na faɗuwa. Idan ta mutu, awon kabarinta yana hannun kakarta, kuma ni na karya shi da hannuna.

Allah ya tashi kafaɗunta. Bayan wata shida aka sake tura mu ƙauyen, na toge a zauren gidan na kasa shiga, har tsohuwar ta aiko a kira ni. Ta zaro karan daga rufin ɗaki, ta tsayar da jikarta, ta jingina mata shi. Kan yarinyar ya ɗara shi da yatsa biyu.

"Kin gani ko? Ta wuce awonki." Ta karya shi, ta cusa a murhu.

Nan na fashe da kuka. Tun daga ranar ban sake taɓa ɗan kowa da sunan bincike ba, sai na fara faɗa wa tsofaffin gidan abin da zan yi, na jira su ce to.