Saniyar da Ta Sha Maganin Masu Ciki

Har gobe ina tuna ranar da na je ruga neman mai ciki, aka nuna mini saniya. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

A lokacin ina ƙaramar ma'aikaciyar lafiya a wani ɗan asibiti kusa da Burkusuma, dab da iyakar Nijar. Shekarar fari ce. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, shanu suna faɗuwa a hanyar rijiya. Wata ƙungiyar agaji ta kawo mana ƙwayoyin man kifi don masu ciki. Aikina ranar awo shi ne in auna nauyin mace, in duba hawan jini, in leƙa farin idonta, sannan in ba ta maganin ƙarin jini da man kifin. Nakan gaya musu an ce yana taimaka wa jinjiri a ciki, amma ba ya maye gurbin tuwo.

Yawancin matan Fulani ba su son sa, saboda gyatsar ƙarnin da yake sawa. Sai wata mai suna Hajjo, mai cikin wata bakwai, ita kullum nata ya ƙare tun lokaci bai yi ba. Ga ta kuma sai ramewa take.

Na ce, "Hajjo, kina shan abin nan kuwa?"

Ta rufe baki da gyale tana dariya. "Malama, mu biyu ka da ciki a rugarmu."

"To ki taho da ita awo mana."

"Ba ta hawa babur."

Na kai maganar ga Incaj, wato shugaban asibitin. Ya ce doka ita ce duk mai ciki a rubuta ta, in je in gano. Na hau bayan ɗan acaɓa, muka keta daji.

Mijin Hajjo, Sambo, ya tarbe ni da fara'a. Da na tambayi ɗayar mai cikin, sai ya sunkuyar da kai. Hajjo ce ta ja hannuna zuwa gindin wata aduwa. Jar saniya ce a ɗaure, haƙarƙari duk a waje, ciki ya yi ƙasa. Ta huro mini numfashi, na ji kamar na shiga layin masu kifi ranar kasuwa.

Sambo ya ce, "Malama, ita kaɗai ta rage muna. In ta haihu, Hajjo ta samu nono. In ta mutu, mi za ni ba su?"

Dariya ta taso mini, tausayi ya danne ta. Na san faɗa ba zai yi ba. Na gyara tsayuwa, na ɗora wa saniyar abin sauraren ciki, na murtuke fuska.

"Sambo, tunda ta fara maganinmu, ta zama tamu. Duk ranar awo sai ka kawo ta, ta bi layin mata, kai kuma ka riƙe mata gyale."

Hajjo ta faɗi zaune don dariya. Na ƙara da cewa, "Kuma in nononta ya ɗauki ƙarni, wa zai sayi nonon rugarku a kasuwar Gangara? Sunanka ya zama Sambo Mai Kifi."

Nan fa ya dafe kai. "Subhanallahi! A rufa mini asiri, Malama."

Ya shiga bukka ya kwaso sauran ƙwayoyin, Hajjo ta haɗiye ɗaya a gabana tana yatsina fuska. Da na koma, Incaj ya yi dariya har da hawaye, sannan ya yi wa malamin dabbobi magana, aka samo wa saniyar dusa da kanwa. Mu kuma muka sa Hajjo cikin masu karɓar garin kunu.

Hajjo ta haifi ɗiya mace lafiya, saniya ta biyo bayanta da ɗan maraƙi. Ranar suna Sambo ya aiko mini da ƙwaryar kindirmo, da saƙon wai in shinshina tukuna.

Abin da na koya shi ne, maganin da kika miƙa wa mace ta tagar asibiti, gida guda kika miƙa wa. Kafin ki ce mutum jahili ne, ki tambaye shi wa kuma ke jin yunwa a gidansa.