Wayar Inna da ba ta cin sim

Na ajiye wa Inna sabuwar waya a kan tabarma, babba ta shafawa, mai cin sim biyu. Ko kallonta ba ta yi ba.

Tata irin waɗanda ba a sa wa sim ce, lambar a jikin wayar take. Na zaga masu gyara tun daga unguwar Pantami har kasuwa, kowa ya ce lambar ba za ta hau sabuwar ba, sabis ɗinsu daban ne. Ga shi ana cewa kamfanin layin nata zai rufe.

Na ce, "Inna, ki haƙura da tsohuwar nan."

Ta ce, "Hamma Buba wannan lambar kaɗai ya haddace. In sun sake shi, wa zai kira?"

Buba yayana ne, direba. Ya ɗauki fasinja zuwa Maiduguri lokacin da ake tare hanya ana kwashe mutane. Ba shi, ba motar.

Yanzu kamfanin ya daɗe da rufewa. Har yau Inna takan miƙo min wayar in sa mata a caji, ni kuma ina sawa.

Don Allah, da ku ne, da wane baki za ku gaya mata?